Kwamfutar da Falmata Ta Haɗa

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ƙafar taka? Mu nan Gashua lafiya lau.

'Yarka Falmata ta burge ni. Na so in sayo mata kwamfutar tebur a Nguru don aikinta na kammala jami'a, sai ta ce, "Baffa, ta kanti ba za ta jure zafin nan ba." Da kanta ta zaɓo kayan haɗa kwamfutar, har da babbar fanka, ta baje kan tabarma. Na yi ta addu'a kada kuɗin su salwanta, don barkonon bana na sayar na biya kayan. Ta ɗaure komai, ta danna maɓalli, allo ya kawo haske. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

A sa ta a addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Bukar