Kwalba Mai Jan Murfi

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, malamar aji uku wadda alli ma ke ƙara haske a hannunta!

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Ni kam ba zan yi miki ƙaryar lafiya ba. Yau kwana huɗu ina kiran wayarki tana ta ƙara har ta gaji ta yi shiru, shi ya sa na komo ga biro da takarda. Ina zaune ne a bakin siton hukumar zaɓe, a kan wani kwali da aka rubuta wa "kada a zauna" da harsuna uku. A bayana ga kayan da ƙasashe masu tallafi suka aiko an jibge har rufi: akwatunan ƙuri'a masu gani-har-hanji, fitilu masu cin hasken rana, rigunan aiki da ko mutum biyu suka shiga ɗaya sai sun bar wuri. Duk ni ke tsaronsu, amma na kasa tsare kwalba guda.

Kin tuna ranar da aka horar da ku malamai aikin rumfar zaɓe? Wayyo, wannan rana! Iska na kaɗa labulen zauren makarantarku, ke kuma kin shigo da mayafi ruwan toka kamar hadarin farkon damina. Aka ce a gwada yadda za a yi ranar zaɓe, ke ce mai jefa ƙuri'a, ni ne mai shafa tawada. Dokar aikin a fili take: kwalba mai shuɗin murfi ta gwaji ce, sabulu na wanke ta. Mai jan murfi kuwa ta ranar zaɓe ce, ba ta fita sai farce ya tsiro. Na san wannan kamar yunwar cikina, ni na jera kwalaben da hannuna. To amma wa zai tsaya duba murfi alhali kin miƙo masa hannu? Wa ke kallon ƙasa lokacin da wata ya fito? An ce a ɗiga a gindin farce a saki. Ni kuwa na riƙe ɗan yatsanki ina shafawa kamar mai fentin ƙofa, har kika ce ko bango na samu. Muka yi dariya, ashe jan murfin yana cikin ɗaya hannuna.

Yayarki ta tare ni a bakin kasuwa ta karanta mini duk abin da ya biyo baya. An gwada sabulu, an gwada lemun tsami, an gwada toka da kananzir, har Inna ta ce, "Wannan yaro in haka yake riƙe alkawari yadda tawadarsa ke riƙe fata, to da sauƙi." Na so in yi dariya, sai yayar taki ta ce kin yi kuka. Nan dariyar ta maƙale. Na san kwana uku kika yi a layi cikin rana kafin ki samu katin zaɓe, na san wannan ce ƙuri'arki ta farko, na kuma san duk wanda ya zo da tawada a yatsa korarsa ake yi, a ce ya riga ya jefa. Ke da za ki wuni kina kula da ƙuri'un mutane, a hana ki taki saboda wautata? Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Shekaranjiya da safe na shiga ofishin Oga na faɗi gaskiya. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Kai, shekara shida kana sito, yau ka manta ja da shuɗi? Ko dai akwai abin da ya shiga idonka?" Na ce akwai, ranka ya daɗe. Daga nan aka kira wakiliyar masu tallafi, matar nan da muke kira Uwar Fom, don ko atishawa ka yi a sito sai ta miƙo maka takardar cikewa. Fom biyar na cike, hasken raina! Akwai layin da ke tambayar dalilin kuskure. Na daɗe ina kallonsa, sannan na rubuta "rashin natsuwa", don wurin bai isa in kwatanta murmushinki ba.

Ki duba cikin ambulan ɗin nan, za ki ga takarda mai hatimi biyu da sa hannun babban jami'i. Ta shaida cewa tawadar hannunki na dama ta ranar horo ce, a bar ki ki jefa ƙuri'a, a shafa miki a hagu. An aika kwafinta rumfarku. Kada ki ninke ta ta kan hatimin, kin san halin Uwar Fom.

Ni kuma ga ladana. Oga ya ce daga gobe ya cire ni daga sito, ya haɗa ni da motar da za ta kai kaya can ƙarshen hanya, inda kwalta ke ƙarewa a hau kwalekwale, a sauka a ɗora akwatuna a ka. Gobe za mu tashi, ba za mu dawo ba sai an gama ƙirga. Katin zaɓena kuwa na rumfar unguwarmu ne, ke nan bana ba ni da ƙuri'a. Kada ki ji tausayina ko kaɗan. Na auna tawa da taki, na ga taki ta fi nauyi. Ki shiga bayan labulen nan ki dangwala wa wanda ranki ya so, ba zan taɓa tambayarki ko wane ne ba.

Abu ɗaya nake roƙo, ya tauraruwar asubata: ki yafe mini. Uwar Fom ta ce baƙin tawadar zai riƙa hawa da farce a hankali, sai ya yi wata huɗu kafin ya kai baki a yanke. Na ƙirga, na kuma je na zauna da Baffa. Kafin ki yanke wannan farcen, in kin yarda, shi da ƙannensa za su zo su yi sallama a ƙofar gidanku. In kin amince, ranar da motarmu ta dawo ki tsaya a bakin makaranta ki ɗaga mini hannu. Na dama nake so, mai shaidar laifina.

Naki har abada, wanda sabulu da toka da lemun tsami ba za su fitar da ke daga zuciyarsa ba,

Mai tsaron sito, wanda yanzu ya san ja da shuɗi.