Layin da Na Ja a Wuyan Mutanenki

Zuwa ga Ikilima, hasken idona, ruwan sanyina a tsakiyar bazara, inuwar da na sare da hannuna,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya san ƙofa a rufe take amma ya yi sallama. Wata biyu ke nan kina Abaji gidan yayarki Fadima, kuma saƙonki ya iso ni: takardar saki kike so. Sau uku ina ɗaukar biro, sau uku hannuna yana ƙi. Ki yi wa Allah ki karanta wannan tukuna, ko da a tsaye ne.

Kin tuna haɗuwarmu, shekara goma da suka wuce, a rumfar Nababa mai tsofaffin littattafai a Mararaba? Kin ɗauki manga, littafin zane na Japan, kin buɗe shi ta hagu kamar na boko, kina ta tsaki wai labarin ba kai ba gindi: an binne mutum a shafin farko, a na goma ga shi yana cin shinkafa. Na ce miki ta dama ake farawa, kamar allo. Kika harare ni, kika ce ashe Japanawa ma sun sha bulalar malam. Ya rabin raina, wace mace ce ke sace zuciyar mutum da harara? Ranar na wuce tashata ban sani ba.

Kin san ni, baki gare ni. Na sha cika miki kunne cewa komik, wato littafin zane na Amurka, na matsorata ne, jarumi ya mutu bana, baɗi a tashe shi da sabuwar riga, alhali manga tana girmama mutuwa, wanda ya tafi ya tafi. Na sha zagin taron komik na Abuja, na ce rabin masu zuwa 'yan gayu ne da shuɗin gashi da takobin kwali, hoto ya kawo su, ba su taɓa gama littafi ɗaya ba. Har yau ina kan bakana. Ke kuwa sai ki yi dariya ki ce ni baki, ke hannu. Gaskiyarki ce. Bayan aurenmu, shekara uku kika yi a kan tabarma kina zana shafi tamanin, labarin wata mai sayar da doya a bakin titin Lokoja, ni kuma ina gefe ina sharhi kamar na taɓa zana ko da kaza.

Sai Babana ya rasu, tsoron kabari ya shige ni. Wata safiya a motar da ke kai mu masana'anta a Idu, na ji wa'azi cewa masu zana abu mai rai za a ce su hura masa rai ranar gobe. Ke na gani a tsaye a wurin, Ikilima, ke kaɗai, da shafi tamanin a hannu. Wani abokin aikina ya ce abin da sauƙi, in aka ja layi a wuyan hoto ya tashi daga mai rai. Ban tambayi malami ba. Ban tambaye ki ba, don na san amsarki. Ana gobe taron komik na bana, da rana kin tafi kitso, na ɗauko rula da alƙalaminki na tawada, na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ina jan layi a wuyan kowa. Na yi aikin a tsanake, har da bismilla, ina ganin cetonki nake yi. Na mayar da su jaka na zuge.

Wayyo wannan Asabar! Kin sa atamfarki mai ruwan ganye, kina rawar jiki a layin shiga kamar ranar kamu. Muka isa teburin Oga Thaddeus, mai buga littattafai da ya yi wata shida yana jiran ganin aikinki. Kika buɗe jaka a gabansa. Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya tambaye ki cikin Hausarsa ta barikin soja ko wannan layin salo ne, wai ya yi ƙarfi ƙwarai. Kika bi shafukan har na ƙarshe, a hankali, sannan kika ɗago kika dube ni. Da ma kin mare ni a gaban masu takobin kwalin nan, da na fi samun sauƙi.

Duk da haka ban san girman ɓarnata ba sai da na bi ki Abaji. Yaya Fadima ta tare ni a zaure, ba ta ko amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Manniru, ka san fuskar wa ce a jikin mai doyar nan? Innarmu ce, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba, abin da muke da shi ke nan, ka bi ka yanka ta shafi-shafi."

Shekara uku ina kallon fuskar nan, ni gwanin sharhi, ban ga hancinki a jikinta ba! Tun daga ranar, kullum na taso aiki sai in zauna da farin fenti da tsinke ina rufe layukan. Suna rufuwa, amma tabon yana nan, ko yaro zai gani. Na daina yi wa kaina ƙarya cewa gyara ne.

Ina son ki, tauraruwar asubahina, so irin wanda ba ya jin magani. Ɗakinmu ya yi mini faɗi, tabarmarki tana naɗe a inda kika bar ta. Ina roƙon ki dawo, amma da wane baki? Sau ɗaya na yanke hukunci a kanki ba da saninki ba, ba zan ƙara ta hanyar riƙe igiyarki ba. Ranar Juma'a zan zo Abaji da shafukan Inna, in tsaya a zaure. In kin fito da mayafinki, mu tafi gida. In kuwa Yaya ce ta fito ita kaɗai, a nan zan durƙusa in rubuta abin da kika nema, in miƙa mata da hannu biyu.

Naki ne ni, da igiya ko babu, har a miƙe ni a kabarin da na ji tsoro,

Manniru
Mararaba