Rubutu a Gefen Zane

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya aikin zanenka?

Jiya tafintana ya kai ni gidan tarihi a nan Guangzhou. Na ga tsohon zanen dutse da kogi, mai zanen ya rubuta a gefe cewa kewar garinsu ce ta sa shi zanawa. Wallahi, mutum ya daɗe a ƙasa, amma ga shi yana yi mini magana.

Sai na tuna zanen marigayi Baba a bangon zaurenmu. Waye cikinmu ya san nufinsa? Don Allah ka riƙa rubuta bayanin naka.

Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Ka tambaye ta ma'anar zanen Baba tun tana tunawa.

Yayanka,
Habibu