Lam Mai Shuɗin Fenti

Dungas, daren Lahadi, 9 ga Maris.

Juma'ar farko ta watan jiya, bayan la'asar, motar da ɗana Ibrahim ya shiga ta kife a hanyar Magariya, kuma a nan ya cika. Amalanken da muke ƙerawa tare saura lam kawai, ƙarfen da ke rage girgiza.

Yau a kasuwar Sassumbrum wani mai tsoffin ƙarafa ya miƙo mini lam, arahar ta yi yawa.

"Daga wace mota?" na tambaye shi.

"Haba Malam, ƙarfe ai ƙarfe ne," in ji shi, idonsa na wani wuri.

Akwai shuɗin fenti a gefensa. Waccan motar shuɗiya ce. Na saya, don kada ya faɗa hannun wani.

Ban yanka shi na sa wa amalanken ba, ban gaya wa mahaifiyar Ibrahim ba. Amalanken yana nan a zaure.