Gefen Dama na Ermes

Montebelluna, farkon Oktoba

Ermes, abokin tafiyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da 'yarka Lorella da maigidanta da yara. Yaya ƙugun? Ina fata ƙarfen da likitoci suka sa maka ya zauna daidai. Uwargida Rina tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko mutanen Torino sun iya tuƙa polenta, tuwon masararmu, ko ruwa-ruwa suke ba ka. Ka san ni da waya ba ma shiri, shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Lahadi na fita da ayarinmu na masu keke, karo na farko tun tafiyarka. An taru a ƙofar gidan burodin Bepi kamar kullum, kekuna jingine a bango, shi kuma yana ta rantsuwa wai duk mako bai hau keke ba, alhali cinyoyinsa suna ƙaryata shi. Da ya gan ni ni kaɗai sai ya ce, "Tullio, ina rabin naka? Yau wa zai ja maka kunne?" Na ce ya ji da tumbinsa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Da aka jeru biyu-biyu sai na rasa inda zan sa kaina. Shekara arba'in fa muna shiga gaba tare, kafaɗa da kafaɗa, tayarka ba ta wuce tawa ko da faɗin yatsa. Mu sha iskar bakin kogin Piave a ƙirji, muna kare na baya, har ta ishe mu, ka kaɗa gwiwar hannu, in kaɗa tawa, mu buɗe mu zame baya, na biye da mu su karɓa. Ko uffan ba ma cewa. Ina kewar wannan shirun fiye da surutunka.

Sababbin nan kuwa, kai dai bari. Kekuna marasa nauyi kamar takarda, amma tarbiyya babu. Wani ya shiga gaba ya riƙa tsere da abokin layinsa har ayari ya tsinke. Wani ya damƙe birki ba sanarwa. Wani kuma ya lafe a baya tun daga gari, iska ba ta taɓa goshinsa ba, sai an hango wurin shan kofi ya fito a guje. Na ce masa, "Kai kaska, sauka daga bayan mutane!" Da muka hau Montello na tsayar da su a saman tudu har na ƙarshe ya iso, don mu ba ma barin mutum a hanya. Nan na sake yi musu karatun da ka gaji da ji. Na ce na gaba shi ne idon na baya. Na baya ba ya ganin komai sai tayar da ke gabansa, ƙasusuwansa ya damƙa maka amana. Ka ga rami, ka nuna da yatsa, na bayanka ya nuna wa nasa. Wanda ba zai sha iska ba kuma ba zai nuna rami ba, ya je ya yi yawonsa shi kaɗai.

Nives mai kantin magani ce kawai ke sauraro. Ita ke bin tayata yanzu, ta ce duk ayarin babu inda hankalinta ke kwanciya kamar bayana.

Af, na manta. Na koma gefen dama, wajen bakin titi, wurina na asali da ka ƙwace mini shekarun baya wai wuyanka ya sage ba ka iya waiwayen motoci a hagu. Ka ga tafiyarka ma ta yi rana.

Ka riƙa yin atisayen da aka ba ka, ban da gardama.

Naka,
Tullio

Montebelluna, ƙarshen Nuwamba

Ermes,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan sanyin Torino bai shiga ƙugun ba. Ka gaida Lorella. Mu nan jiki lafiya, amma zuciya ba lafiya ba, kuma gara ka ji daga bakina.

Nives ta faɗi. A bayana ta faɗi. Muna kan hanyar bakin magudanar ruwa, wadda ka sani kamar tafin hannunka, ni ke gaba a dama, gudu mai daɗi. Akwai rami a bakin kwalta. Tayata ta bi ta gefensa da ikon Allah, tata kuwa ta afka ciki. Ƙarar har yanzu tana kunnena. Hular kwanonta ta tsage, ƙashin kafaɗa ya karye, mutum biyu suka hau kanta. Tana kwance a ƙasa abin da ta fara tambaya shi ne ko keken ya yi rai.

Ba wanda ya ɗora mini laifi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Bepi ya dafa ni ya ce, "Ganye ne ya rufe shi, kowa ma ba zai gani ba." Washegari na koma wurin a ƙafa. Babu wani ganye, Ermes. Rami ne da zai haɗiye tukunyar Rina. Na tsaya daidai inda na bi, na kalli gaba yadda nake kallo a kan keke, sai ramin ya ɓace. Na juya kai, ga shi. Na sake kallon gaba, babu shi.

Rina ta tasa ni gaba zuwa wurin likitan ido. Ya ce hawan jinin ido ne, ya cinye gefen idon dama a hankali ba tare da ciwo ba, kuma ba bana ya fara ba. Magani zai tsare abin da ya rage, abin da ya tafi kuwa ya tafi.

Ba bana ya fara ba. Tun da na ji haka nake ta juya abubuwa. Wuyanka da ya sage, amma kana juya shi sarai in wata ta wuce a dandali. Yatsanka da ke sauka tun rami yana nesa. Kofina da kake turowa hagu a kan teburi, ina cewa tsokana ce. Tsohon banza, tun yaushe ka sani? Ni ina ta yi wa mutane wa'azin ido, ashe da idonka nake jan ayari.

Na rataye keken a ɗakin ajiya. Doka ce na kafa da bakina, ba zan zama na farko da zai taka ta ba. Ban iya zuwa duba Nives ba, Rina ce ta kai mata miya. Ranar Lahadi da safe ina jin wucewarsu ta bayan gida, wannan zuuu na tayoyi da ƙarar sarƙa, sai in ƙara wa rediyo murya. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoron Lahadi.

Ka ba ni amsa, kada ka yi mini ƙarya.

Tullio

Montebelluna, tsakiyar Afrilu

Ermes, ɗan'uwana,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ka da mutanen gida duka. Na ji daɗi da ka ajiye sanda ɗaya. Rina ta ce ka ajiye ɗayar ma kafin 'ya'yan itacen ceri su nuna.

Amsarka ta daɗe da isowa, ni ne na kasa ɗaukar biro. Ka ce har sau biyu ka ce in je a duba idona, na ce maka kai ne makaho. Na tuna, a wurin shan kofi na Nervesa ne, har na buga teburi. Ka ce ranar da za ka tafi ka so ka gaya wa Bepi, ka ji nauyina ka fasa, kuma faɗuwar Nives ta hana ka sukuni. To mu biyu ke nan. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini taurin kai.

Ga abin da ya faru. Lahadin da ta wuce ina yanke reshe a lambu sai ga Nives da Bepi cikin kayan keke, sauran ayari kuma cirko-cirko a bakin titi. Na so ƙasa ta tsage. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Baba Tullio, duk hunturu ina jiran ka zo, ba ka zo ba. Wannan ya fi kafaɗar yi mini zafi. Sa takalmanka."

Na ce ba ni da idon jan ayari.

Ta ce, "Wa ya ce ka ja? Ba kai ka koya mana ba a barin mutum a hanya ba? Mun hau tudu, muna jiran na ƙarshe. Kuma wutsiyar ayari kunne take so. Tun da ka tafi ba mai jin mota sai ta zo kanmu."

Na ce, "Wato in zama kaska."

Bepi ya ce, "Sarkin kaska ma kuwa! Yi sauri, burodina yana hucewa."

Na waiwaya, sai ga Rina ta riga ta fito da keken, ta goge shi, tayoyi cike da iska. Ashe da ita aka ƙulla.

Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in shiga gaba in sha iska sau ɗaya in yi sallama da ita. Da muka kai miƙaƙƙiyar hanyar bakin Piave suka buɗe mini. Na shiga hagu. Nives ta shiga dama, wurinka, da wannan kafaɗar da na karya, tayarta daidai da tawa. Iskar tana nan yadda muka san ta, mai sanyi, da ƙanshin ciyawa. Na sha, na sha, har ƙirjina ya ce ya isa. Sai na kaɗa gwiwar hannu na buɗe. Ina zamewa baya suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da zai faɗa. Har wanda na kira kaska ya ce, "Sannu da aiki, maigida. Zo in nuna maka wuri mai daɗi."

Ermes, ashe zaman baya akwai ɗumi haka? Shekara arba'in ba wanda ya gaya mini. Na lafe a wutsiya, ina jin mota tun daga nesa in daka tsawa, su matse gefe. Muryar dai ba ta tsufa ba.

Wajen gadar Nervesa aka yi rami. Daga can gaba na ga hannun Nives ya sauka, na bayanta ya sauke nasa, na bayansa ma haka, hannu bayan hannu har ya iso kaina, kowa kuma yana ɗaga murya yana cewa "Rami a dama!" saboda ni. Na kauce lafiya lau. Babu kowa a bayana, Ermes, titi ne kawai. Amma ni ma na sauke yatsa na nuna.

Ka gaya wa Lorella ta kawo ka in an fara cin ceri. Bepi zai ajiye maka kujera a ƙofar shago, ka ga yadda kaska ke shigowa gari. Rina tana gaishe ka, Nives ma, ayari duka suna gaishe ka.

Naka har kullum, na gefen hagu,
Tullio