Tseren Motarmu Ya Tsaya

Uwar yara,

Yaya ƙafar Inna, yaya yaran? Ni lafiya lau, sai dai bayana da buhunan sito ke ci.

Ki ba babban yaronmu haƙuri, ba guje wa tseren motarmu na kwamfuta ta intanet na yi ba. Abokin ɗakina ne ya ce kwamfutar wasan za ta fi gudu in na sa mata manhajar kyauta, wadda kowa ke iya gyarawa. Ya manta a aji huɗu na tsaya. Na cusa mata filashin da manhajar ke ciki, na yi ta danna "eh". Yanzu madannai na walƙiya kala-kala, fanka na ihu kamar injin niƙa, wasan kuwa ya ƙi buɗewa. Ina rubuta mata umarni a baƙin allo, tana ƙaryata ni.

Kin san halin yaron nan. A waya "lafiya lau" kawai nake samu. Sai yana tsere mini yake sakin baki, har in ji dariyarsa. Ɗakin nan ya yi shiru da yawa.

Ki roƙe shi kada ya nemi wani abokin tsere tukuna. Allah ya yi muku albarka.

Mijinki, injiniyan da ya kwantar da lafiyayya.