Karfasa a Akwatin Ismail

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Hunkuyi. Ina cikin takaba, ba fita. Daga ni sai akwatin gilashin da mijina Ismail ya bari a falo, da kifayensa biyu, mace da namiji, masu ruwan ɗorawa, wai 'yan tafkin Malawi. Yana raye na sha yi masa gori a kansu: kifin da ba ya shiga miya. Yanzu su kaɗai ne abin da ya bari mai numfashi, ba na so su mutu a hannuna.

Alhamis, 11 ga Yuli
Macen ta daina cin abinci. Maƙogwaronta ya kumbura, ta maƙale bayan dutse. Inna Hajo, surukata, ta leƙa ta ce kewa ce, ko dabba ta san mai ita ya tafi, a nemo musu abokan zama. Ni ma haka take faɗa mini kullum, ta cika mini ɗaki da mata.

Asabar, 13 ga Yuli
Yaya Yahya ya kawo ƙananan karfasa daga dam a bokiti. Na tuna Ismail ya taɓa cewa karfasa danginsu ce. To, dangi ai ba a rasa zama. Na juye su da hannuna.

Laraba, 17 ga Yuli
Dangi! Sun tone yashi, sun dagula ruwa, sun hana namijin sakat. Wutsiyarsa duk ta yage. Inna ta ce sabo ne, in yi haƙuri. Haƙuri, haƙuri. Na gaji da jin kalmar nan.

Lahadi, 21 ga Yuli
Namijin ya mutu. Na binne shi gindin zogale, ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 26 ga Yuli
Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Da hantsi ina share falo sai na ga macen ta fito ta buɗe baki, ga 'ya'ya suna fitowa, ƙanana kamar tsabar shinkafa. Ashe ba kewa ba ce, ba ciwo ba ne. A baki take riƙe da su duk tsawon nan, shi ya sa ta ƙi ci. Kafin in ajiye tsintsiya karfasa sun auka musu. Tana ta ƙoƙarin mayar da su baki, ba ta kai ba. Na zura hannu har kafaɗa ina kora, ina kuka kamar wata zararriya.
Lafiyarta ƙalau muka je yi mata magani. Raina ya ɓaci da Inna, da Yaya, da Ismail da ya tafi bai koya mini komai ba.

Asabar, 27 ga Yuli
Na kwashe karfasan da rariya, na zuba a baho. Inna ta leƙa akwatin ta ce, "Rahama, kin mayar da ita ita kaɗai." Na ce, "Inna, a bar ta ta huta." Ta daɗe tana kallona. Yau mata ba su zo ba.

Talata, 30 ga Yuli
Akwai 'yan kaɗan da suka tsira a tsagin dutse. Na murje musu abinci da yatsa, suna fitowa su koma. Uwar ma ta ci.
Lantana maƙwabciyata ta tambayi yadda za a yi da na cikin baho. Na ce ta soya. Ta kawo mini da yaji, na ce ta ajiye, ba na ci. Da ta tafi na ci. Ba wani daɗi suka yi ba, ƙaya ce kawai. Kwanon dai na wanke na mayar mata.